Baba Ya Ƙi Hawa Dandamali

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da yara, har da ƙaramin nan da ya yaga mini littafi wancan zuwan. Ki gaya masa ban manta ba. Takarda na zaɓa saboda a waya ba kya barin mutum ya kai aya. Ina buɗe baki za ki ce "Auta, yi haƙuri," tun ban faɗi wanda ya ɓata mini rai ba.

An gama dandamalin katakon da na yi wa Baba a kulob. Kin dai san tun da ɓarin jikin Baba ya shanye bai sake leƙa kulob ɗin unguwa ba, wurin da tun kafin a haife ni yake zama kowace yamma a gindin ceɗiyar nan. Na ce saiwoyin ne suka hana shi. Kin tuna su, sun fito waje sun miƙe ko'ina, mai ƙafa biyu ma tuntuɓe yake yi, balle keken asibiti. Shi ya sa na je gaban kwamitin na ce su sayi katako, aikin hannu na ɗauke musu. Suka yi ta taro suna shan shayi a kan maganar har na kusa fasawa.

Aiki dai na yi shi. Na kafa ƙafafun a tsakanin saiwoyi ban sare ko guda ba. Wani tsohon littafin kafinta da na saya a bakin tasha, wanda ko bango ba shi da shi, ya ce kada a matse gindin bishiya domin har gobe ƙiba take yi, sai na bar mata sarari zagaye. Babbar saiwar da Baba ke jingina da ita ta haura gwiwata, dole na ɗaga katakon ya haye samanta. Na yi doguwar gangara saboda keke. Ogana, wanda bai taɓa yabon ko bencina ba, ya zo ya tattaka ya yi shiru ya tafi. A wurinsa wannan lambar girma ce.

Ranar buɗewa Inna ta sa wa Baba farar rigarsa, na turo shi. Shugaban kulob, tsohon Hedimasta, yana zaune a sama bisa kujera. Wani mai babur da ke wucewa a titi ya ɗaga hannu ya ce, "Hedimasta, an samu ci gaba!" Masu shagunan tsallake suna ta nuno mu. Kaina ya fasu, ba zan ɓoye miki ba. Na kawo keke bakin gangara, sai Baba ya damƙe taya da hannunsa mai lafiya. Na tura, ya riƙe. Na ce, "Baba, naka ne fa, don kai na yi." Ya kau da kai. Kin san maganarsa yanzu ba ta wuce "a'a" da "to" ba. Ranar ko ɗaya bai ba ni ba.

Tela, abokin zaman Baba, ya ce, "Ƙyale shi, ɗana, zai hau wata rana." Na ce masa shi ma ai a ƙasa na gan shi, me ya hana shi hawa, ko allurarsa ce ta faɗi yake nema? Aka ce wai na yi rashin kunya.

Na mayar da Baba gida. Tun ranar ko zaure bai yarda a fito da shi ba. Me na yi? Ki gaya mini, tunda ke ce kike gane shi.

Ki huta lafiya.
Ƙanenki, Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara suna gaida kawunsu mai zafin kai. Mai yaga littafi ya ce ai hotunan ne ba su da kyau.

Sannu da aiki, Allah ya yi maka albarka. Na karanta takardarka har ƙarshe ban katse ka ba, ka rubuta wannan a tarihi.

Ni ma ban san abin da ke ran Baba ba. Wataƙila tsoro yake ji katakon ya karye da shi. Mutumin da jikinsa ya yaudare shi sau ɗaya ba ya saurin yarda da abin da zai taka. Wataƙila kuma yadda kake tura keken ne. Na ga yadda kake tura shi, kamar mai kai buhun siminti. Ka riƙa yi masa magana a hanya, ba sai an zo bakin gangara ba.

Ka je ka ba Baba Tela haƙuri. Shi ya ɗinka maka kayan makarantar da ka gudu ka bari.

Maganar kulob ta tuna mini lokacin da Inna ke aikena in kira Baba cin abinci. In tsaya a titi in yi ta miƙa wuya, ba na ganin kowa sai ganye, amma muryarsa tana tashi ta bayan katanga yana ƙaryata mai karanta labarai a rediyo. Dole sai na zagaya ta ƙofa. Ina kewar muryar nan, Auta.

Yanzu ga wadda ba za ka so ji ba. Inna ta gaji. Jiya a waya ta ce bayanta ba ya barinta barci. Likita kuma ya ce zaman ɗaki shi zai ƙarasa Baba, ba ciwon ba. Mun yi magana da maigidana. Idan aka ba yara hutu zan zo, in na tarar da shi har yanzu yana kallon bango, zan taho da shi da Inna duka biyun. Akwai ɗaki a nan, asibiti kuma kusa. Ba ƙwace maka shi zan yi ba, kada ka fara.

Ka gaida Inna, ka shafa mini hannun Baba.
Yayarka

*

Zuwa ga ɗanmu Kafinta,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da mahaifinka, abokinmu, Allah ya tashi kafaɗarsa.

Kwamiti ya umarce ni in rubuto maka a kan abubuwa biyu. Na farko godiya. Aikinka ya yi kyau, babu mai musun wannan.

Na biyu, abin takaici, shi ne membobi ba sa hawa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na tambaya. Tela ya ce katakon yana ƙara in an taka, ya kuma ce takalminsa ya faɗa ramin da ka bari a gindin bishiya. Mai Agogo ya ce shayi yana saurin hucewa a sama. Direba ya ce rediyo ba ta kamawa sosai, ko da yake ni na ji tana kamawa. Ni kaina na zauna a kai na wasu kwanaki domin in zama misali, sai na tarar ina zaune a miƙe kamar mai jiran sufeto, na koma gida wuyana yana ciwo. Ban iya bayyana dalili ba, kuma ba al'adata ba ce in kasa bayyana abu.

A halin yanzu mun kwashe kujeru mun koma jikin katanga, inda babu inuwa. Wasu sun kawo shawarar a cire katakon a mayar da wurin yadda yake. Na roƙa a dakata.

A ƙarshe, kalmar da ka jefi kwamiti da ita ranar Asabar, wato "taron kunkuru", an ji ta, kuma ba ta dace da ɗan gidan mutunci ba.

Naka cikin girmamawa,
Shugaban Kulob

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Na ga taki, na kuma ga ta Hedimasta, ga ta nan na haɗo miki ki sha dariya. Ni ban yi ba.

Kin ce tsoron karyewa ne. To, na ɗauko babur ɗin Oga na hau gangarar da shi, na zagaya bishiyar a kan katakon, na sauko. Na sa Inna ta gaya wa Baba. Ya dube ni kamar ni ne mara lafiyar. Kin ce turin keke ne. Yanzu ina tura shi kamar mai ɗauke da ƙwai, ina ba shi labarin ƙwallo, ina ba shi labarin tsadar ƙusa. Muna kaiwa bakin zaure sai hannun nan ya sauka kan taya. Hannu ɗaya, Yaya, amma sai ki rantse an ɗaure keken da sarƙa.

Na toshe bakin ramin da raga saboda takalmin Tela. Na ƙara ƙusa inda ake cewa yana ƙara. Na shafa wa katakon mai. Na sake karanta littafin nan daga farko har inda ya yage, ya yi maganar ruwa, ya yi maganar gara, ya yi maganar saiwa, bai ce uffan a kan tsofaffi masu taurin kai ba.

Ki zo ki ga abin haushi. Ga inuwa lafiyayya, ga wurin zama shimfiɗe kamar tebur, babu kowa a kai sai kuliyar mai gadi. Su kuma ga su can a rakuɓe jikin katanga, rana tana gasa su, Mai Agogo ya ɗora jarida a ka. Na ce, "Baba Mai Agogo, kuliya ta fi ku sanin daɗi." Ya ce, "Ita ba ta da surukai." Me wannan ke nufi? Na tambaye shi, ya ce shi ma fitowa kawai ta yi. Suka kwashe da dariya, ni ina tsaye kamar an dasa ni.

Na fara tunanin ko haɗa baki suka yi. Ko dai don ɗan da ya bar makaranta ne ya yi aikin? Ko Baba yana fushi ne na rufe saiwarsa? Na cire katako ɗaya na leƙa, tana nan lafiya, har santsin da bayansa ya yi mata yana nan. Na dawo na gaya masa. Ya ce "to". Wace irin "to" ce, ban sani ba. Dā "to" ɗinsa kala goma ce kuma duk na san su.

Maganar tafiya da shi kuwa, ki bari. Wa ya sani a can? Wa zai zo ya zauna kusa da shi ya yi ƙaryar da zai ji haushi? A nan ko ba komai Direba yana leƙowa. A can zai zama "kakan yara" a ɗakin baya, ana rage masa ƙarar talabijin. Na san Inna ta gaji. Ni ma ina ɗaga shi, ina yi masa wanka kafin in tafi aiki, ban ce na gaji ba. To na gaji, amma ban ce ba.

Tela na ba shi haƙuri. Ya ce ya yafe, wai tun ina cikin zani bakina ya riga ƙafata fitowa.

Ki gaida kowa.
Auta

*

Auta,

Gaisuwa da fatan kana lafiya. Takardar Hedimasta ta sa maigidana dariya har ya ƙware. Taka kuma ta sa ni kuka, kada ka ji daɗi.

Babu wanda ya haɗa maka baki. Mutanen nan sun ɗauke ka a kafaɗa kana yaro. Ka daina hawa musu wurin zama da babur.

Ban ce ka kasa ba. Amma an sa ranar hutun yara, kuma na ari babbar jakar maƙwabciyata saboda kayan su Inna. Ba na so in zo muna jayayya a gaban Baba, yana ji ba ya iya raba mu. Idan akwai abin da ya rage ka gwada, ka gwada. Idan babu, ka taya ni naɗe kaya, mu rabu lafiya.

Allah ya huci zuciyarka.
Yayarka

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ki zauna kafin ki karanta, ki kuma riƙe "ai na gaya maka" ɗinki, domin ba ki gaya mini ba.

Abu ɗaya ya rage ban gwada ba, gangarar. Na ce ko ta yi tsayi, mai zama a keke yana jin kamar zai kife ta baya. Da Baba ya kwanta bayan azahar sai na ɗauki keken na tafi kulob. Na zauna a ciki na ce Direba ya tura ni. Ya ce, "Yau kuma haukan da wannan ya zo?" Amma ya tura, har yana yi mini hon da baki.

Gangara lafiya lau. Muka hau, ya juya ni ina fuskantar titi, ya koma wurin shayinsa.

Ban daɗe ba sai na ji murya daga tsallake: "Wayyo, sannu bawan Allah! Allah ya ba da lafiya!" Matar mai kantin magani ce. Ta kira wata, suka tsaya suna kallo, ɗaya ta dafe ƙirji. Motar haya ta tsaya sauke fasinja daidai wurin, duk tagogin suka cika da idanu. Wani ya ce, "Yaro ne ma, ka ga ikon Allah." Yaya, lafiyata ƙalau, amma sai na ji hannuna ya tafi bakina yana gogewa. Babu komai a wurin. Na tuna ƙyallen da Inna ke saƙala wa Baba a wuyan riga saboda miyau.

Katangar kulob iyakarta kafaɗata. Wanda ke zaune a kan saiwa, ta rufe shi ruf, shi ya sa kike miƙa wuya ba kya ganin kowa. Ni na ɗaga su sama da ita. Duk tsawon aikin nan a tsaye nake, ina aunawa a tsaye, ina bugawa a tsaye, kullum ina ganin titi, ban taɓa kawo komai a raina ba. Baba kuwa tun ranar farko ya gane, lokacin da mai babur ya gaida Hedimasta. Mutumin da unguwar nan ta sani da murya, ni na gina masa wurin da za a riƙa tsayawa ana yi masa sannu.

Na sauko na ce musu, "Ashe titi ne! Ganinku ake yi!" Suka dubi juna. Sai Hedimasta ya buga cinya ya ce, "Wuyana!" Wai shi ya sa ya kasa gyangyaɗi, rabin masu wucewa ɗalibansa ne, yaya za su ga bakinsa a buɗe. Tela ya ce shi dai ba ya shan shayi da haƙoran roba, cirewa yake ya sa a aljihu. Mai Agogo ya ce surukinsa yana da shago a tsallake, shi kuma yana son ya tuɓe riga in ana zafi. Direba ya sunkuyar da kai, sai Tela ya ce masa, "Faɗi mana, sigarin da ka rantse wa matarka ka bari." Suka kaure da musu.

Na ce to me ya hana ku faɗa tun farko, kuka bar ni ina shafa wa katako mai? Hedimasta ya ce wallahi bai sani ba sai yanzu, shi dai ya ji wurin ya daina zama nasu. Ban gane yadda mutum zai gudu daga abu bai san mene ne ba. Har yanzu ban gane ba.

Sauke dandamalin ba zai yiwu ba, saiwa na ƙasa. Amma akwai ragowar katako a bayan ɗakin mai gadi. Na ce zan kafa shinge a gefen titi, tsayin mutum. Hedimasta ya ce sai kwamiti ya zauna. Na ce ga ku nan a zaune. Ya duba hagu ya duba dama, ya ce an amince.

Ban gaya wa Baba komai ba. Ban san ta inda zan fara ba, kuma ina tsoron kada wannan ma ba shi ba ne. Kada ki mayar da jakar tukuna.

Ki yi mana addu'a.
Auta

*

Yaya,

Gaisuwa a gurguje, direban motar garinku da zai kai miki takardar yana jira.

Na kafa shingen, Baba kuma ya hau. A bakin gangara ya sa hannu a taya, ya daɗe yana duban shingen, sannan ya ɗauke hannun. Tela ya cire haƙora don murna.

Sai kuma ga sabuwa. Ya sa na kai shi jikin shingen, ya yi ta dukan katako ɗaya da hannu. Na ƙara masa ƙusa. Ya ce, "A'a!" da ƙarfin da rabona da ji tun yana lafiya. Na rasa yadda zan yi, na ɓalle katakon gaba ɗaya don haushi. Ya ce, "To." Yanzu kullum nan yake zama, ido a tsagar, yana kallon titi. Na rufe titi don shi, ya sa na buɗe. Direba yana roƙonsa aron wurin don ya hango ko matarsa na tafe, Baba yana ce masa a'a.

Maganar bayan Inna tana nan, sai kin zo mu yi ta, ba zan yi ihu ba. Jakar kuma ke kika sani.

Amma in kin sauka, kada ki wuce gida. Ki tsaya a titi gaban kulob da yamma, inda kike tsayawa dā. Ba za ki gan shi ba. Shi zai gan ki.

Sai kin iso.
Ƙanenki, Auta